Ƙofar Ruwan da Ba Ta Amsawa

Kwanan baya jikata da ke karatu a jami'a ta zauna kusa da ni tana yi mini bayanin sana'ar da take koyo. Ta ce aikinsu shi ne tsara fuskar abin da mutum yake taɓawa a waya, domin ya gane inda zai danna ba tare da an tsaya a kansa ba, ya kuma san abin da dannawarsa ta haifar. Na saurare ta har ta kai aya, domin a makarantar da muka yi ba a katse mai magana. Da ta gama na ce da ita na taɓa yin wannan aiki da gora da kara da katako, tun mahaifinta yana rarrafe. Ta yi mini dariya irin ta jika, ta ce tsufa ya fara taɓa angon nata. Saboda wannan dariya na ɗauki alƙalami.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin aka tura ni kula da rabon ruwa a wani yanki na gonakin noman rani tsakanin Kura da Bunkure. Na yi makarantar midil, na yi makarantar koyon aikin gona, kuma ban taɓa fita ofis ba tare da rigata ta sha guga ba. An ba ni gida mai ɗaki biyu a gindin babban kanal, wato babbar magudanar da ke kawo ruwa, da babur, da ƙofar ruwa guda ɗaya wadda gonakin ƙauyuka masu yawa suke sha daga gare ta. Gidan ba shi da maƙwabci sai ƙofar. Idan na buɗe taga ita nake gani, idan na rufe ina jin ruwa yana gogar jikinta.

Ya kamata in bayyana yadda take, domin duk labarin a jikinta yake. A bisa gaɓar kanal an kafa wani ginshiƙin ƙarfe mai tsawon ƙugun mutum, a kansa akwai kewayayyen ƙarfe wanda manoma suke kira sitiyari. Idan aka murɗa shi, wani faifan ƙarfe da ke can ƙarƙashin ruwa yana ɗagawa, ruwa ya bi ta kwalbati a ƙarƙashin hanya, ya ɓullo a wani kwarin siminti a ɗaya gefen, daga nan ya kama ƙaramar magudana zuwa gonaki. Wani kamfanin ƙasar waje ne ya ƙera ta, kuma ban taɓa ganin ƙarfe mai kyawunta ba. Sitiyarin yana juyawa da laushi, ko da yatsa biyu. Ba ya ƙara, ba ya nauyi, yadda yake a hannu sa'ad da ƙofar take rufe haka yake sa'ad da take wangame. Abin da kawai yake nuna matsayinta wata ƙaramar allura ce a bayan gilashi, da lambobin Turawa ƙanana. Wanda ya tsara ta kuwa ya sa gilashin yana fuskantar cikin kanal. Mai murɗawa ba ya ganinsa. Sai ya saki sitiyari, ya zagaya, ya riƙe ginshiƙi, ya leƙa a kan ruwa mai zurfin da ya fi tsayinsa. Ni na saba, kuma ina karanta lambobin. Amma na sha tunanin cewa mutumin da ya zana wannan ƙofa bai taɓa tsayawa a inda nake tsayawa ba.

Ba a buɗe ta a tafi. Ruwan babban kanal yana hawa yana sauka gwargwadon abin da masu ƙofofin da ke sama da mu suka ɗiba. Saboda haka sai an gyara ta da safe, a gyara da hantsi, a duba da azahar, a duba da la'asar, a rufe kafin magariba. Kuma babu ranar hutu, domin ƙauyuka bi da bi suke sha.

Manoman yankin kuwa, kafin ruwan madatsar Tiga ya zo musu, 'yan lambu ne a fadama. Da jigo suka tashi: doguwar sanda a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya. Mai jigo yana ja, ruwa ya zo. Ya ƙara ja, ruwa ya ƙaru. Ya tsaya, ruwa ya tsaya. Tsakanin hannunsa da idonsa babu jira. Babbansu shi ne sarkin noma na ƙauyen da ya fi kusa da ni, dattijo gajere mai faɗin kafaɗa da kaifin harshe, wanda tun ranar da ya fara ganina ya ce an aiko musu da zalɓe, saboda tsawon ƙafafuna da yawan tsayuwata a bakin ruwa.

Wata Juma'a a farkon zuwana na bar masa ƙofar zan tafi masallaci a Kura, in kuma yi cefane. Na nuna masa allurar, na gaya masa lambar da za ta tsaya a kai. Ya ce ya gane. Da na dawo bayan la'asar na tarar da jama'a a tsaye cikin laka har gwiwa. Ƙaramar magudana ta cika ta ɓalle, dashen tumatirin gonakin da ke kusa duk ya nutse.

Na ce, "Sarki, yaya aka yi haka?"

Ya ce, "Malam, ruwa ya ja baya, na murɗa. Shiru. Na aika a tambayi 'yan gonakin ƙarshe, suka ce ko ƙasa ba ta jiƙa ba. Na ƙara. Shiru. To me zan yi? Na ƙara."

"Ba ka duba allurar ba?"

"In leƙa in faɗa, ka zo ka auri matana? Abin nan naku ba ya ce wa mutum uffan. Ko jaki, in ka ɗora masa kaya suka yi yawa, yakan yi nishi."

Ruwan da aka sake da hantsi ba ya isa gonakin ƙarshe sai rana ta take tsaka. Hannun da ya saba da jigo ba ya iya wannan jira. Ya yi abin da ya yi shekara da shekaru yana yi: ba ka ga ruwa ba, ƙara ja.

Bayan wannan ɓarna hedikwata ta yi doka. Aka sa wa sitiyarin sarƙa da kwaɗo, aka ce babu mai taɓa shi sai ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin ƙofar. Aka yi alkawarin turo mini mataimaki. Na rataya makullin a wuyana da igiyar fata, a ƙarƙashin riga, na zauna jiran mataimaki. Rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya kama, bai zo ba. Bukukuwan dangi suka riƙa wuce ni. Motocin tumatir suna bin hanyar da ke bisa gaɓa zuwa Kadawa, direbobi suna ɗaga mini hannu, ni kuwa ina tsaye. Mutum yana iya zama a fili fetal, babu katanga ko ɗaya a kewayensa, amma ya kasance a ɗaure kamar akuya a turke.

A ranin nan ne mahaifiyata ta kwanta a Madobi. Tsufa ne da ciwon da ya hana ta tashi. Ƙanwata, wadda ke jinyarta, ta shiga motar haya har Garun Mallam, ta ƙarasa wurina a bayan wata motar kwanduna, ta same ni a bakin ƙofa.

Ta ce, "Yaya, jikin Inna ya ƙi."

Madobi ba nisa ba ce, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Da a ce wata uwa duniya ce, da na haƙura. Amma tafiyar babur ce tsakanin duba ƙofa da duba ƙofa. Sai na riƙa zuwa bayan gyaran azahar, in tsaya a bakin ɗakinta in gaishe ta, in ajiye abin da na riƙo, in juya domin la'asar kada ta same ni a hanya.

Ni ne ɗan farinta. A al'adar gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi a gaban mutane, ba ta roƙonsa komai. Tun ina yaro, idan tana son in ci abinci sai ta ce da bango, "Ga tuwo can yana hucewa." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa shakkar matsayina a zuciyarta ba. Wata rana na gaishe ta na juya, sai na ji ta ce da ƙanwata, da muryar da ta tabbata zan ji, "Mutumin nan kullum kamar wanda ya zo ɗiban wuta. Ko bare ma yakan wuni."

Ƙanwata ta biyo ni zaure. Ta ce, "Ka ji dai. Ba magani take so ba, ba tsaraba ba. Wuni take so."

Daga ranar abin da ke gabana ke nan: in samu wuni guda, daga safe har yamma, in zauna inda take, tun tana iya sanin wanda yake zaune, ba tare da gonakin mutane sun bushe ko sun nutse ba.

Na tafi wurin injiniyan da ke zagaya ƙofofinmu, matashi ne mai ladabi wanda ya yi karatu a ƙasar waje. Ya ce babu wanda zai turo, kowace ƙofa da mutum ɗaya take. Ya ce matsalar manoma rashin horo ne, idan na horar da su har suka iya, zai kai maganar gaba. Na karɓi wannan shawara da ƙarfina, domin koyarwa ba ta taɓa gagarata ba. Na tara dattawa a ƙarƙashin wata ɗorawa, na zana musu gilashi da allura a ƙasa, na karanta musu lambobi suna maimaitawa. Duk suka haddace. Da muka je bakin ƙofa na ba su sitiyari ɗaya bayan ɗaya, kowannensu ya murɗa ya wuce kima, ni kuma ina ta faɗin "Tsaya! Tsaya!" Sarkin noma ya ce, "Ka gani, Malam, mun iya. Abin da ya rage kawai a ɗaure mana kai a jikin ƙarfen kana ce mana tsaya."

An yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Washegari na sake kiran su, na ƙudurta ba zan buɗe baki ba. Na ce da sarkin noma ya ƙara ruwa kaɗan, na koma gefe na zuba ido. Wannan shiru ya fi mini wuya fiye da duk jarrabawar da na taɓa zama. Ban dubi sitiyarin ba, idonsa na duba. Hannunsa yana juyawa, idonsa kuwa yana can gefen gonaki, inda ruwa zai tafi. Na gwada na biyu, na gwada na uku. Babu wanda ya dubi ƙarfe. Kowa gonaki yake kallo, kuma hannu ba ya tsayawa sai ido ya ga wani abu ya motsa. Na kuma lura da yadda suke magana a kan ruwa a tsakaninsu. Ba wanda ya ambaci lamba. Wannan ya ce alkamarsa tana son ruwa zuwa idon sawu, wancan ya ce jiya magudana ta kai ƙwauri, wani ya ce ranar ɓarna ai ta haura gwiwa. Da ƙafa suke auna ruwa, domin da ƙafa suke shigarsa.

A nan na fahimci cewa ba ilmi ne ya yi musu ƙaranci ba, kuma ba ni ne na gaza koyarwa ba. Ƙofar ce ba ta amsawa. Abin da aka yi domin hannun mutum, wajibi ne ya gaya masa abin da ya yi nan take, a inda idonsa yake, da harshen da yake auna abubuwa da shi.

Na je wurin wani maƙeri a Bunkure. Muka cire murfin ginshiƙin, ya ɗaura siririn ƙarfe a jikin sandar da ke ɗaga faifan, yadda idan ƙofa ta ɗaga shi ma ya ɗaga. Ya kuma sa wani zobe da zai tokare sitiyarin idan ya kai iyakar abin da magudana za ta iya ɗauka. Ni kuma na sa kafinta ya yanka mini katako a siffar ƙafar mutum, daga tafin sawu zuwa saman gwiwa, muka kafa a gefen da ke fuskantar gonaki, bakin ƙarfen yana hawa yana sauka a jikinsa.

Da dattawa suka zo gani, sarkin noma ya zagaya katakon ya ce, "Ƙafar wa aka auna? In taka ce, Malam, mun shiga uku. Gwiwar zalɓe ai wuyan mutum ce."

Na ce, "Taka aka auna, Sarki. Shi ya sa katakon bai yi tsada ba."

Wani daga cikinsu ya nuna damuwa ko wannan bai zama sassaƙa siffar mai rai ba. Limaminsu ya dubi abin da kyau ya ce ƙafar da babu kai babu ciki, bai ga ta inda rai zai shige ta ba. Sai na ce da mai damuwar ya kai mini ruwa ƙwauri, na kama bakina. Ya murɗa, ƙarfe ya hau, ya kai ƙwauri, ya saki. Ya dube ni kamar yana jiran sauran aikin. Na ce ya gama. Na kira wani wanda bai taɓa zuwa ɗorawa ba, shi ma haka. Wani ya yi ƙoƙarin wuce gwiwa don gwaji, zobe ya tokare shi, ya ce, "A'a, yau ta yi magana."

Na aika wa ƙanwata cewa ta gaya wa Inna ina nan tafe da wuni.

Injiniya ya zo zagaye kafin in tafi. Ya daɗe yana kallon abin. Ya murɗa da kansa, ya ga ƙarfe ya hau, ya mayar. Sannan ya cire hularsa ya share goshi.

Ya ce, "Malam, wallahi ya fi nasu. Amma sai an cire."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan me?"

"Ƙofar nan har yanzu tana ƙarƙashin lamunin kamfanin da ya kafa ta. In suka zo suka ga an buɗe murfi an ɗaura wani abu, sun zare hannunsu daga dukkan ƙofofin layin nan. Ba ni da ikon yarda. Wanda ke sama da ni ma ba shi da shi. Zan rubuta, amma kai ma ka san tafiyar takarda."

"Mahaifiyata ba za ta jira takarda ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani. Kai an ɗaure ka da makulli, ni an ɗaure ni da sa hannu."

Ban yi masa musu ba. A tarbiyyarmu ma'aikaci ba ya ja da umarni, kuma na ga cewa shi ma ba da son ransa ba ne. Maƙeri ya zo ya kwance abin da ya ɗaura, aka mayar da murfi, aka mayar da sarƙa. Ƙafar katako na jingine ta a bangon ɗakina. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafiya nauyi a duk zamana a wurin. Ina zuwa Madobi in tsaya a bakin ƙofar ɗaki kamar da, sai dai yanzu an riga an gaya wa Inna ina tafe da wuni. Ƙanwata ta ce ta fara rikita sunayen jikoki.

Wata safiya ina tsaye a kan gaɓa, na ga wani masunci a cikin babban kanal ya kifa cikinsa a kan gora yana bin ruwa. Masu ƙofofin sama suka rufe nasu, ruwa ya ɗago, shi da gorarsa suka ɗago tare. Na juya na dubi kwarin simintin da ruwanmu yake ɓullowa a ɗaya gefen hanya. A nan ruwa yana amsa sitiyari nan take, sai dai yana can ƙasa, yana tafasa da kumfa, ido ba ya iya auna shi. Kuma kwarin ba na kamfani ba ne, magina na gida suka yi shi. An hana ni taɓa ƙofa. Ba a hana ni taɓa ruwa ba.

Na sayi gora, na toshe bakinta, na kafa mata dogon kara mai jan ƙyalle a kai, na sa ta a kwarin. Gwajin farko bai yi ba, domin ruwa yana wasa da ita, ƙyallen yana rawa kamar ɗan biki, manoma suka kasa sanin inda ya tsaya. Sai na samo tsohon duro, aka fasa masa ƙananan huji a gindi, muka kafa shi a kusurwar kwarin da duwatsu, muka sa gorar a ciki. Ruwan cikin duro yana hawa daidai da na waje, amma a natse. Karan ya fito ta saman, ya miƙe har sama da hanya. Na ɗauko ƙafar katako na kafa ta a bayansa a kan doguwar sanda, daidai inda idon mai murɗawa yake sauka idan ya dubi gonaki. Na yi kwanaki ina daidaita tsawon karan da abin da allura take nunawa, har suka zama baki ɗaya. Zoben da ke tokarewa ba ni da hanyar mayar da shi, saboda haka na shafa wa saman gwiwa baƙin fenti, dattawa kuma suka yi wa wurin suna da kansu, suka ce nan ne kabari.

Wannan ma ta fi ta farko, domin ta farko tana nuna yadda ƙofa ta buɗe, wannan kuwa tana nuna ruwan da ya fita. Idan babban kanal ya ja baya, ƙyalle ya sauka da kansa, kowa ya gani daga nesa.

Da injiniya ya dawo, ya duba murfi, ya duba sarƙa, ya leƙa allura. Sannan ya tsaya yana kallon jan ƙyalle a jikin ƙafar katako.

Ya ce, "Abin da aka aiko ni in duba ƙarfe ne, ƙarfe kuwa lafiyarsa lau."

Na ce, "Saura makulli, ranka ya daɗe."

Ya hau motarsa, ya tayar, sannan ya leƙo ta taga. Ya ce, "Ranar Laraba ina da taro a Kano. Ba na zagaye. A gaishe da Inna."

Ranar Laraba da safe na buɗe ƙofa da hannuna, na kai ƙyalle ƙwauri, na cire igiyar daga wuyana na miƙa wa sarkin noma. Na ce kada ya saurari 'yan ƙarshe sai inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, ƙyalle kawai zai kalla. Ya ce, "Tafi, zalɓe. Ko ka manta yadda ake tafiya?"

Na isa Madobi da hantsi. Ƙanwata ta shimfiɗa mini tabarma a cikin ɗakin, ba a bakin ƙofa ba. Inna tana kwance, fuskarta ga bango. Na gaishe ta, ta amsa. Na zauna. Yawancin wunin barci ta yi. Ni kuwa, gaskiya ita ce duk lokacin da inuwa ta matsa a tsakar gida sai hannuna ya kai wuyana yana neman igiya. Da aka kira azahar na miƙe tsaye kafin in tuna cewa babu inda za ni sai masallaci.

Da na dawo ta farka. Ta ce da ƙanwata, "Wa ya bar wa ruwan mutane?"

Na ba ƙanwata amsa, yadda al'ada ta tanada. Na ba ta labarin gora da kara da ƙafar katako, da abin da liman ya ce, da abin da sarkin noma ya ce a kan gwiwar zalɓe. Kafaɗun Inna suka motsa a ƙarƙashin mayafi. Dariya take yi. Ta ce da bango, "Tun yana ƙarami ƙafafun nan suke ba ni wahalar ɗinki."

Aka kawo fura, ta sa aka dama, ta kurɓa kaɗan, ta ture ƙwaryar zuwa gefen da nake ba tare da ta dube ni ba. Na shanye. La'asar ta yi ina zaune. Rana ta yi ja ina zaune. Sai da aka fara shirin magariba ta ce da ƙanwata, "Ki ce masa ya tafi, hanya ba ta da kyau. Ya wuni."

Na tarar da sarkin noma a kan gaɓa, ya rufe ƙofa, ya sa sarƙa, gora ta kwanta a gindin duro. Magudana lafiya lau, gonakin ƙarshe sun sha. Ya miƙo mini igiyar da yatsa biyu kamar mai riƙe da kunama. Ya ce, "Karɓi turkenka. Wuni ɗaya na yi, ko fitsari da gudu na je."

Na mayar da ita wuyana. Doka ba ta canza ba, mataimaki bai zo ba, amsar takardar injiniya ma ban taɓa ganinta ba. Inna ta rasu kafin a yanke alkama. Ina tsaye a bakin ƙofa da hantsi, hannuna a kan sitiyari, sa'ad da ɗan aike ya iso. Na kai ƙyalle ƙwauri, na aika a kira sarkin noma, na hau babur.

Na ƙara shekaru a wannan gida mai ɗaki biyu kafin a ɗauke ni. Gora takan fashe a sake wata, kara yakan karye a sake wani, amma ƙafar katakon tana nan har ranar da na miƙa makulli ga wanda ya gaje ni.